Yadda Likita Zai Ƙware a Fannin Ƙoda: Jagora Daga Jarrabawar Farko Zuwa Ranar Komawa Gida

Likitan Najeriya da ya ƙudurta zama ƙwararre a fannin ƙoda yana da tafiyar aƙalla shekara biyar a gabansa bayan ya gama bautar ƙasa, sau da yawa ma shida ko bakwai idan jarrabawa ta maimaitu ko yajin aiki ya ci lokaci. Tafiya ce da ta cancanci a yi ta, domin masu jiran irin wannan likita suna da yawa. Wanda ya san Gashuwa da garuruwan da ke bin kogin Yobe da Haɗeja ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi gidaje a can. Ga hawan jini da ciwon suga, ga sikila, ga mata masu jijjigar haihuwa da zubar jini da ƙodarsu ke tsayawa cikin kwana biyu.

Shawarar da zan gina wannan jagora a kanta guda ɗaya ce: ka tsara horonka daga baya zuwa gaba. Ka fara da tambayar wane asibiti za ka zauna a ƙarshe da abin da ke cikinsa, sannan ka nemi horon da zai sa ka iya aiki a wurin. Mun ga likitoci da suka dawo da takardu masu kyau amma hannunsu bai saba da allurar bayofsi ba, wato ta ciro ɗan naman ƙoda don a duba shi, ko kuma sun ƙware a kan injin da babu irinsa a jiharsu.

Mataki na farko: shiga layin

Ba a shiga fannin ƙoda kai tsaye. Ƙofarsa ita ce fannin cututtukan cikin jiki na manya, ko fannin yara ga mai son ƙodar yara. Bayan digirin likita na MBBS da shekarar sanin makamar aiki da cikakkiyar rajista da MDCN, hukumar likitocin Najeriya, sai ka zauna jarrabawar share fage da ake kira Primary. Kwalejoji biyu ne ke shirya ta: kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, NPMCN, da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da kwalejin Afirka ta Yamma, WACP, wadda ta fara a 1976. Kowacce tana jarrabawa sau biyu a shekara. In aljihu zai ɗauka, ka rubuta duka biyun, domin idan ɗaya ta tsaya maka a gaba, ɗayar za ta ci gaba da kai.

Da sakamakon Primary za ka nemi gurbin rezidensi, wato horon ƙwarewa da likita ke yi yana aiki a asibiti, inda ake kiransa rezidan. Kafin ka karɓi takardar ɗauka, ka bincika abu biyu: shin kwalejin ta amince da sashen a halin yanzu, kuma amincewar cikakkiya ce ko ta wucin gadi? Watannin da ka yi a sashen da amincewarsa ta ƙare ana iya ƙin ƙirga maka su.

Likitan Nijar hanyarsa daban ce. Yawanci yana neman takardar ƙwarewa ta DES a fannin ƙoda, horon shekara huɗu da ake yi a wurare irin su Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar, wasu kuma su ƙara da zagaye a Faransa. Amma abin da zan faɗa kan abin da ya kamata a koya bai bambanta ba.

Mataki na biyu: shekarun ƙaramin rezidan

A nan za ka zagaya sassa: zuciya, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, ciki da hanta, huhu, suga, fata, sashen gaggawa, da ƙoda. Zagayen yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku kafin ka cancanci jarrabawar Part I ta kwalejin ƙasa ko Membership ta WACP. Ka nemi kundin ƙa'idojin sashenka na shekarar da ka shiga, ka karanta shi da kanka, kada ka dogara da abin da na gaba da kai suka ce, domin ana sabunta shi.

Kada ka yi gaggawar tserewa zuwa ƙoda. Majinyacin ƙoda majinyacin kowa ne: zuciyarsa ta kumbura, jininsa ya yi ƙasa, ƙashinsa ya yi laushi, maganin da aka rubuta masa a wani sashe yana neman a rage masa awo. Wanda bai iya karanta ECG, wato zanen bugun zuciya, da kyau ba, zai rasa majinyaci mai yawan sinadarin fotashiyam a jini tun kafin sakamako ya fito daga ɗakin gwaji.

Abu ɗaya da za ka fara tun yanzu shi ne duba fitsari da idonka. Ka ɗebi na safe, ka juya shi a injin da ke kwantar da guggubi, ka zubar da ruwan sama, ka ɗiga guggubin a kan gilashi ka sa a madubin likita. Ranar da ka fara ganin jajayen ƙwayoyin jini sun dunƙule cikin siffar bututu, ka san kumburin matatun ƙoda kake kallo, kuma ba ka kashe wa majinyaci ko sisi ba. Wannan fasaha tana mutuwa a manyan asibitocin duniya, mu kuwa ba mu da halin barinta ta mutu.

Mataki na uku: zaɓen cibiya da malami

Bayan ka ci Part I, ka zama babban rezidan, kuma a nan ne horon ƙoda na haƙiƙa yake farawa, kimanin shekara uku. Yawancin mutane suna zama inda suke saboda albashi da iyali, kuma wannan ba laifi ba ne. Sai dai ka auna cibiyarka da gaskiya, ka san abin da za ka fita nema a waje.

Ka shiga ɗakin wankin ƙoda ka ƙirga injinan da ke aiki, ba waɗanda aka lulluɓe da zane ba. Ka tambaya ko akwai injin da aka ware wa masu ciwon hanta nau'in B. Ka buɗe littafin bayofsi ka ga sau nawa aka yi a shekarar da ta wuce, kuma wa ya riƙe allurar, kwansaltan, wato babban likita, ko rezidan. Ka je wurin masu duba naman bayofsi a ɗakin gwaji ka ji ko suna da gwajin hasken da ke nuna garkuwar jiki a matatun ƙoda, ko madubi kawai suke da shi. Ka tambaya ko ana dashen ƙoda, in ba a yi, ko akwai asibitin bibiyar waɗanda aka yi wa a waje.

A Arewa, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, na Jami'ar Maiduguri kuma ya yi nasa na farko a 2010. A Kudu, St. Nicholas da ke Legas ne ya buɗe ƙofar a 2000, Ile-Ife ta biyo baya. Idan cibiyarka ba ta dashe, ka nemi a tura ka wata na wasu watanni tun da wuri, kada ka bari sai jarrabawa ta matso.

Malami ya fi gini muhimmanci. Ka nemi wanda yake zuwa zagayen majinyata da kansa, wanda yake karanta abin da ka rubuta ya mayar maka da jan biro, wanda kuma zai iya tsayawa a bayanka ya bar ka ka soka allurar. Babban suna da ba a ganinsa sai ranar taro ba zai koya maka komai ba.

Mataki na huɗu: abin da dole hannunka ya iya

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne ake bambanta wanda ya yi horo da wanda ya wuce ta cikinsa.

Sa robar wankin ƙoda. Ka koyi sa ta a jijiyar wuya ta dama da taimakon na'urar sikanin, ka koyi ta cinya don gaggawa, sannan ka matsa a koya maka mai bi ta ƙarƙashin fata wadda ke daɗewa. Ka guji jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya iyakar iyawarka, domin tana ƙuntatawa daga baya ta lalata hannun da za a buƙata don haɗin jijiya. Wannan haɗin, da ake kira fistula, likitan tiyata ne ke yin sa, amma kai ne za ka kare jijiyar tun kafin a yi. Ka saba gaya wa ma'aikatan jinya kada a soki hannun da majinyaci bai fi aiki da shi ba, ka saba ɗora yatsu kan haɗin ka ji yana kaɗawa, ka san yana buƙatar mako shida ko fiye kafin ya nuna.

Bayofsi. Majinyaci ya kwanta rub da ciki, an tabbatar hawan jininsa ya sauka kuma jininsa yana daskarewa yadda ya kamata, ka nemo gindin ƙodar hagu a na'ura, ka ce ya riƙe numfashi, ka harba. Sannan ka duba ɗan naman nan take ka tabbatar akwai matatu a ciki, domin ƙasa da takwas zuwa goma ba ya ba mai duba nama abin da zai yanke hukunci a kai. Rabin aikin kuma shi ne sanin wanda bai kamata a yi wa ba: ƙodar da ta riga ta ƙanƙance ba abin da za ta gaya maka sai zubar jini.

Ruwa. Wannan shi ne abin da rezidan suka fi rainawa, suna ganin aikin injiniya ne. Ka yi lissafi: injin yana tura ruwan wanki mililita 500 a minti, zama ɗaya awa huɗu ne, wato lita 120 ke nan suke gogayya da jinin mutum ɗaya, ba abin da ya raba su sai siririyar fata. A 1996, a garin Caruaru na Brazil, gubar gansakuka ta shiga ruwan wata cibiyar wanki ta kashe majinyata fiye da 50. Ka ware mako guda ka bi mai kula da ɗakin tace ruwa. Ka san tankin yashi, da na gawayi mai cire kulorin, da na gishiri mai tausasa ruwa, da matatar RO mai cire sinadaran da suka narke a ruwa. Ka koyi gwajin kulorin na kowace safiya da lokacin da ake kai ruwa gwajin ƙwayoyin cuta. A garin da ake dogaro da rijiyar burtsatse ko ruwan tanka, ranar da majinyata uku suka kama rawar sanyi a kan inji lokaci ɗaya, kai za a kalla.

Wanki ta ciki, wato a zuba ruwan wanki a kogon ciki ta roba sannan a fitar da shi. Ba ya buƙatar lantarki ko ɗakin tace ruwa, kuma shi ne ke ceton yaron da gudawa ko zazzaɓin cizon sauro ya tsayar wa ƙoda a asibitin da ba inji. Ƙungiyar ISPD, ta masana wanki ta ciki na duniya, ta amince a ƙa'idojinta cewa inda babu ruwan kamfani, ana iya haɗa na gida cikin tsafta: mililita 30 na ruwan suga mai kashi 50 a cikin lita ɗaya ta ruwan Ringer yana ba da kusan kashi 1.5. Ka koyi sa robar cikin da kanka. Ciwon ƙoda na farat ɗaya sau da yawa yana warkewa idan aka riƙe mutum na kwanaki, kuma a ganina babu aikin da ya fi wannan lada a fannin gaba ɗaya.

Bibiyar dashe. Ko cibiyarka ba ta taɓa yin dashe ba, mutane za su dawo daga Indiya da Masar da Abuja su zo maka da jakar magani. Dole ka san awon takrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa, a jini da lokacin da ake ɗibarsa, wato kafin shan na safe, ka san magungunan da ke ɗaga shi da masu saukar da shi. Rifamfisin na tarin fuka yana rushe shi ƙwarai, kuma tarin fuka ba baƙo ba ne a wurinmu. Ka kuma san doka: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, haka ma Sanarwar Istanbul ta 2008 da aka sabunta a 2018. Za a zo maka da saurayi a ce ƙanen majinyaci ne. Ka koyi zama da shi shi kaɗai, ba tare da dangi ba, ka yi masa tambaya a natse.

Duk abin da ka yi, ka rubuta a kundin aikinka a ranar, malami ya sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma masu jarrabawa suna gane kundin da aka cika a dare ɗaya.

Abin da ba ya cikin manhaja

Littattafan da za ka karanta an rubuta su ne don majinyacin da ake wanke wa ƙoda sau uku a mako kuma inshora ke biya. Naka zai sayar da gona ya yi zama biyar, sannan ya ɓace. Ko da ragin da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025, wanda ya mayar da zama ɗaya naira 12,000 a wasu asibitocinta, akwai kuɗin mota da na gwaji da na allurar ƙarin jini. Don haka ka koyi zama da iyali kafin a fara. Ka ce wa babban gidan: "Baba, wannan wankin ba ya warkar da ƙodar, riƙe mutum yake yi. In ciwon na farat ɗaya ne, muna sa ran ta farfaɗo. In ya daɗe ne, wanki zai ci gaba har sai an samu dashe." Faɗin wannan da Hausa mai daɗi, ba tare da ka yanke wa mutane ƙauna ba kuma ba tare da ka ruɗe su ba, fasaha ce da ake koya ta hanyar sauraron wanda ya iya.

Za a tambaye ka azumi kowace shekara, kuma amsar mai dashen da ya daɗe lafiya ba ita ce ta wanda ƙodarsa ke gab da tsayawa ba. Za a tambaye ka abinci, kuma takardar da aka kwafo daga Turai ba ta san dabino da zogale da kanwa da dunƙulen miya ba. Ka zauna da mai ba da shawarar abinci ku fitar da jerin abin da mutane suke ci da gaske. Ka saba tambayar jiƙe-jiƙe da maganin ciwon jiki na kemis da man shafawa na bilicin ba tare da faɗa ba, in ba haka ba za a ɓoye maka.

Mataki na biyar: binciken kammalawa

Kwalejojin biyu suna buƙatar kundin bincike kafin jarrabawar ƙarshe. Ka rubuta shawarar binciken a shekararka ta farko ta babban rezidan, domin sai kwamitin ɗa'a na asibiti da kwalejin sun amince kafin ka fara tattara bayanai, kuma wannan jiran shi ne ke ƙara wa mutane shekara. Ka zaɓi tambayar da za ka iya amsawa da majinyatan da ke gabanka da kuɗin da ke aljihunka: ƙodar masu sikila, ciwon farat ɗaya bayan haihuwa, ƙodar waɗanda kububuwa ta sara a yankin Kaltungo. Mai sha'awar ƙwayoyin gado ya karanta kan ƙwayar gadon APOL1, wanda aka gano alaƙarsa da ciwon ƙoda a 2010, kuma nau'o'insa masu haɗari sun fi yawa a Afirka ta Yamma. Kada ka manta da kwasa-kwasan dole na dabarun bincike da gudanarwa. In ka ci jarrabawar ƙarshe, sai ka samu lambar ƙwarewa ta FMCP daga kwalejin ƙasa ko FWACP daga WACP.

Mataki na shida: fita waje don cike giɓi

Yanzu ka ɗauko jerin abin da cibiyarka ta kasa ba ka. Shi ne zai gaya maka inda za ka.

Hanyar da ta fi dacewa da mai niyyar komawa ita ce feloshif, wato horon ƙarin ƙwarewa, na ISN, ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya, wanda ke gudana tun 1985 don likitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, daga 'yan watanni zuwa shekara guda. Ana buƙatar malami a gida, malami a cibiyar da za ta karɓe ka, tsarin horo a rubuce, da tabbacin cewa aikinka yana jiranka, kai kuma ka yi alkawarin dawowa. Abin da ke kayar da masu nema shi ne tsari maras kai. "Ina so in ƙara sani a fannin ƙoda" ba ya motsa kowa. Ka rubuta cewa asibitinka yana da majinyata kaza, ba a bayofsi, kana so ka koyi yi da karantawa, kuma shugaban asibiti ya sa hannu zai sayi allurai. Ka rubuta wa malamin da kake so kai tsaye, gajeriyar wasiƙa da takardar tarihin aikinka. Da rashin tayi akan bar araha. Taron shekara na ƙungiyar likitocin ƙoda ta Najeriya da na AFRAN, takwararta ta Afirka, wuri ne mai kyau na haɗuwa da irin waɗannan malamai ido da ido.

Game da wuri, ra'ayina shi ne Afirka ta Kudu da Masar da Indiya sun fi ba mu abin da muke buƙata. A Groote Schuur ko Tygerberg da ke Cape Town, ko cibiyar Mansoura a Masar, ko Vellore da Chandigarh a Indiya, za ka ga cututtuka irin namu da ƙarancin kuɗi irin namu, kuma akwai damar a bar ka ka taɓa majinyaci. Likitocin yara suna da asibitin Red Cross na Cape Town, wanda ya horar da 'yan Afirka da yawa. Duk inda za ka, ka tambaya a rubuce: rajistar da za a ba ni ta taɓa majinyaci ce ko ta kallo? Wata shida na tsayuwa a bayan wani ba horo ba ne. Rajista da hukumar likitocin ƙasar, kamar HPCSA a Afirka ta Kudu, tana cin watanni, sai ka fara da ita.

Ingila ta kasance tana da tsarin MTI na horar da likitocin waje na wata 24, wanda ake komawa gida bayansa, kuma akwai jarrabawar ƙwarewa a fannin ƙoda ta Turai, ESENeph, da za ka iya zaunawa don auna kanka. Amurka kuwa doguwar hanya ce: jarrabawar lasisi ta USMLE, takardar ECFMG ta tantance likitocin waje, rezidensi na shekara uku a can, sannan feloshif na shekara biyu da ake nema ta shafin ERAS, a fitar da sakamakon haɗa masu nema da cibiyoyi wajen ƙarshen shekara a fara aiki a Yuli. Mai son dashe ya ƙara shekara ɗaya. Fannin ƙoda yana cikin waɗanda guraben su ba sa cika a can, shi ya sa baƙi suke samun shiga. Wasu cibiyoyi suna ɗaukar wanda ya gama horo a ƙasarsa ba tare da rezidensin Amurka ba, amma wannan ba ya ba ka damar jarrabawar ABIM, hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa a can, kai tsaye. Bizar J-1 kuma tana ɗauke da sharaɗin komawa gida na shekara biyu. Horo ne mai zurfi, sai dai a cibiyoyi da yawa wasu sassa ne ke sa roba da yin bayofsi, don haka mai niyyar dawowa ya nemi waɗannan da bakinsa.

Kafin ka hau jirgin dawowa

Wata uku kafin ka gama, ka fara rubuta wa asibitinka jerin abin da kake buƙata da farashinsa. Ka kwafi ƙa'idojin aikin cibiyar da ta horar da kai, da izininsu, ka gyara su daidai da abin da ke akwai a gida. Ka roƙi mai duba nama na can ya yarda ka riƙa tura masa hotunan gilashi, ka kuma bincika shirin ISN na ƙulla zumunci tsakanin cibiyoyi biyu, wanda ke kawo malamai da tallafi na shekaru. In da hali, ka nema wa ma'aikaciyar jinya ɗaya da injiniya ɗaya gajeren horo a wurin da ka je, domin su ne za su riƙe ɗakin wankin a ranakun da kake duba masu zuwa daga gida ko kake ɗakin tiyata. Idan ka iso, ka fara da abu ɗaya da ba ya buƙatar sabon gini, kamar ranar bayofsi sau ɗaya a mako ko asibitin masu hawan jini da suga da ake duba furotin a fitsarinsu, ka buɗe masa littafin rajista tun daga majinyaci na farko.